Filin Lambu: Tambayoyinku Kan Furen Sifaraksis

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karo sun karkata ne ga fure guda, wanda ake rubuta sunansa Sparaxis a jikin takardar iri, mu kuma za mu riƙa kiransa sifaraksis. Ɗan gajeren fure ne da bai cika wuce santimita 45 ba, amma duk wanda ya gan shi a buɗe da tsakar rana ba ya mantawa da shi: kunnuwa shida ja wur ko ruwan lemo, tsakiya rawaya, ga kuma baƙin zane da ya raba tsakaninsu kamar da alƙalami aka ja shi. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Tambaya: Na sayi ƙwallayen sifaraksis (wato dunƙulen gindinsa da ake binnewa a ƙasa ya tsiro) guda 30 na dasa, ina ba su ruwa safe da yamma. Bayan wata ɗaya guda huɗu kacal suka tsiro. Da na tona sai na tarar sauran sun yi laushi suna wari. Ko irin ne ba shi da kyau?

Amsa: Malama, mai yiwuwa ne a sami ruɓaɓɓe ɗaya ko biyu tun daga cikin leda, amma idan 26 cikin 30 suka narke a ƙasa, ruwa ne ya kashe su. Domin ki fahimci dalili, sai mun koma inda furen ya fito, don kusan duk amsoshin da za mu bayar a yau daga can suka samo tushe.

Asalin sifaraksis yankin Cape ne, a kudu maso yammacin Afirka ta Kudu, kuma dangin furannin lambu ne irin su firisiya da giladiyolas. Akwai nau'o'insa kimanin 15, dukansu daga wannan yanki. Wanda aka fi sani a lambuna, Sparaxis tricolor, yana fitowa ne a dajin da ke kewaye da garin Nieuwoudtville. A can ruwan sama a lokacin sanyi yake sauka, daga wajen Mayu zuwa Agusta. Furen yakan tsiro da ruwan farko, ya yi girma cikin sanyi, ya yi fure wajen Satumba, sannan da zafi ya kama ganyen ya bushe ƙurmus, ƙwallon ya kwanta barci cikin ƙasa busasshiya har tsawon watanni. An fi shekara 200 ana shuka shi a lambunan wasu ƙasashe, amma har yau bai sauya hali ba. Sanyi da danshi su ke tashinsa, zafi da bushewa su ke kwantar da shi. Idan kuwa zafi da danshi suka haɗu a kansa, ruɓewa zai yi.

Ƙwallon da kika dasa bai da saiwa ko ɗaya a ranar da kika binne shi. Ba shi da hanyar shan ruwa sai ɗan abin da ya ratsa ɓawonsa. Duk ruwan da kika zuba safe da yamma zama ya yi a kewayensa, ya kori iskar da ke cikin ƙasa, ya buɗe wa fumfuna ƙofa, musamman wadda masana ke kira fusariyam, mai shiga ta gindin ƙwallo. Abin da ya kamata shi ne a ba da ruwa sau ɗaya, sosai, a ranar dasawa, a kuma janye hannu. Kada a ƙara sai an tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu an ji ta bushe. A yanayi mai sanyi hakan kan ɗauki kwana biyar zuwa bakwai. Bayan mako biyu zuwa huɗu, idan tsiron ya leƙo kamar bakin mashi, sai a fara ban ruwa a kai a kai, sau ɗaya ko biyu a mako, gwargwadon yadda ƙasar ke bushewa.

Ki kuma binciki ƙasar kanta. Ki haƙa rami mai zurfin santimita 30, ki cika shi da ruwa. Idan bayan awa uku ko huɗu ruwan na nan kwance, wurin bai dace da sifaraksis ba sai an gyara shi: a tayar da tudu mai tsayin santimita 15 zuwa 20, a cuɗa ƙasar da yashi mai tsakuwa-tsakuwa. Yashi mai laushi kamar gari ba ya wannan aiki, don idan ya haɗu da laka daskarewa suke yi su zama kamar bulo. Kada ki sake dasawa a ramukan da waɗancan suka ruɓe, cutar tana daɗewa a cikin ƙasa.

Tambaya: Ta ina ne saman ƙwallon, kuma zurfin nawa ake binne shi? Ina so in dasa wasu a ƙasa, wasu a tukunya.

Amsa: Malam, ɗauki ɗaya ka duba da kyau. Girmansa bai wuce kan yatsa ba, faɗinsa santimita ɗaya zuwa biyu, yana lulluɓe da ɓawo mai zare-zare kamar saƙar raga. Ba kamar albasa yake ba mai ɓawo kan ɓawo, cikinsa dunƙule yake gaba ɗaya. Gefe guda yana da tsini, inda zaren ya taru ya yi ɗan tukku, wannan shi ne sama. Ɗaya gefen a shafe yake da ɗan tabo, nan saiwa za ta fito. Ka matsa shi a hankali tsakanin yatsu biyu. Mai kyau yana da tauri da ɗan nauyi. Wanda ya yi sakayau kamar ba komai a ciki, ko ya yi laushi, ko ka ga baƙin tabo a ƙarƙashin ɓawon, yar da shi. Kada ka ɓare ɓawon masu kyau, shi ne rigarsu.

Zurfin da ya dace shi ne santimita 5 daga tsinin ƙwallon zuwa saman ƙasa. A ƙasa mai yashi sosai ana iya kaiwa santimita 7 ko 8, don hakan na taimaka wa karan ya tsaya, yana kuma kare ƙwallon daga zafin saman ƙasa. Tsakanin ƙwallo da ƙwallo a bar santimita 8 zuwa 10, wato guda 100 zuwa 150 ke nan a murabba'in mita ɗaya. A ganinmu jera su ɗaya bayan ɗaya a dogon layi ɓata su ne, don ganyensu siriri ne, sai wurin ya zama kamar ba a shuka komai ba. A tara su gungu-gungu, 20 ko 25 a wuri guda, a gaban sauran shuke-shuke inda dogaye ba za su yi masu inuwa ba. Maimakon tona rami ɗai-ɗai, ya fi sauƙi a kwashe ƙasar wurin gaba ɗaya, a shimfiɗa yashi kaurin yatsa a ƙasan, a zaunar da ƙwallayen a kai, a mayar da ƙasa.

A tukunya kuwa ana matse su fiye da haka. Mai faɗin santimita 20 da zurfi kamar haka za ta ɗauki guda 10 zuwa 12. Dole ta kasance da huji a ƙasa, kuma kada a ajiye ta cikin faranti mai tara ruwa. Haɗin ƙasar: kashi biyu ƙasar lambu, kashi biyu yashi mai kaushi, kashi ɗaya takin ganye da ya ruɓe sarai har ya daina wari. Ka damƙi haɗin da ɗan danshi a hannunka, idan ka buɗe ya wargaje da taɓawa ɗaya, ya yi. Idan ya tsaya a dunƙule da shatin yatsunka, ƙara yashi. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, saboda tana numfashi, tana kuma sanyaya saiwa. Baƙar roba a rana kan ɗau zafin da zai sa furen ya ɗauka rani ya yi, ya kwanta tun bai yi fure ba.

Tambaya: A wane wata ake dasawa? Takardar da ta zo da irin ta ce wata kaza, wani kuma ya gaya mini akasin haka.

Amsa: Dukansu suna iya yin daidai, kowa da inda yake magana a kai. Kada ka bi sunan wata, bi yanayi. Sifaraksis yana son rana mai digiri 10 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas da dare mai sanyi, amma ba ya jure daskarewar ƙasa. Raɓa mai ɗan ƙanƙara ta dare ɗaya ba lallai ta kashe shi ba, sai dai idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili da digiri huɗu ko biyar, ganyen zai ƙone, ƙwallon ma yana iya tafiya.

Saboda haka inda hunturu ke da sauƙi, ana dasawa ne da zarar zafi ya karye, dare ya fara sanyi. Furen zai yi girma a hankali ya buɗe bayan wata huɗu zuwa biyar, kuma wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da halinsa. Inda ƙasa ke daskarewa kuwa, ana jira sai ƙanƙara ta wuce, a dasa, ya yi fure cikin kusan wata uku, a tone shi kafin sanyi ya dawo. Akwai wani abin lura kuma: ƙwallon da aka noma a kudancin duniya da wanda aka noma a arewaci, kamar na Holan, akwai tazarar wata shida tsakanin lokacin barcinsu. Wanda ya tsallaka daga wannan ɓangare zuwa wancan yakan rikice a shekarar farko, ya ƙi tsirowa ko ya tsiro a makare. Idan ka tona ka same shi da tauri, lafiyarsa ƙalau, barci yake yi.

Tambaya: Inda nake zafi ne kusan duk shekara, ruwan sama kuma a lokacin zafi yake zuwa. Zai yiwu in shuka shi, ko in haƙura?

Amsa: 'Yar'uwa, ba za mu ɓoye miki ba, yanayinki kishiyar na gidansu ne, don haka aikin ba mai sauƙi ba ne. Abin da zai yanke hukunci shi ne daren wurinku. Idan kina samun wata uku a jere da dare ke sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, akwai fata. Idan ba ya sauka, za ki iya ganin ganye, amma da wuya ki ga fure, kuma kuɗin da za ki kashe gara ki sa shi a furen da ke son zafi. Masu zama a kan tsaunuka, inda dare ke da sanyi, sun fi kowa sa'a a nan.

Idan kina da waɗannan watanni uku, a tukunya za ki shuka, kada ki kai shi ƙasa. Ki dasa a makon farko da sanyi ya shigo, kada ki jinkirta, domin kowane mako da ya wuce an rage wa furen lokacin girma ne. Ki ajiye tukunyar inda hantsi zai same ta har zuwa wajen ƙarfe 11 ko 12, rana mai ƙuna ta la'asar kuma ta same ta a inuwa. Dabara mai amfani ita ce a saka tukunyar cikin wata da ta fi ta girma, a cika tsakaninsu da yashi mai danshi, wannan yana rage zafin da ke kaiwa ga saiwa. Ki rufe saman ƙasar da 'yan tsakuwa masu haske. Da ganye ya bushe, ki ɗauke tukunyar ki kai ƙarƙashin rufi tun kafin ruwan farko. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi a kan ƙwallo mai barci cikin ƙasa mai ɗumi ya isa ya gama da shi.

Wasu kan sa ƙwallayen a firiji kafin dasawa, suna kwaikwayon yadda ake yi wa furen tulif. Sifaraksis ba ya buƙatar haka. Hutun ɗumi da bushewa yake nema kafin ya farka, sanyin kuma a lokacin da yake girma yake son sa, abin da firiji ba zai ba shi ba.

Tambaya: Nawa sun tsiro da kyau, ganye kore shar har yana kwantawa, amma shekara biyu ke nan ban ga fure ba. Ina zuba masu taki kowane mako.

Amsa: Alhaji, amsar tana cikin tambayarka. Ganye mai duhun kore da ke kwanciya alama ce ta naitirojin ya yi yawa, musamman idan yuriya kake zubawa ko kashin kaji. Wannan sinadari ganye yake ginawa, sai shukar ta zuba ƙarfinta can, jikinta ya yi ruwa-ruwa, kwari su samu abin tsotsa, fure kuma ya ƙi zuwa. Sifaraksis ba maciyi ba ne. Abin da yake buƙata shi ne taki mai yawan fotash, irin na ruwa da ake yi domin tumatir. Duba lambobi ukun da ke jikin kwalba ko buhu, ka zaɓi wanda lambar ƙarshe ta fi ta farko girma. A dama rabin abin da aka rubuta, a zuba sau ɗaya a mako biyu, daga lokacin da ganye ya kai tsawon yatsa har zuwa lokacin da ya fara rawaya. A jiƙa ƙasa da ruwa zalla kafin a zuba, don taki a busasshiyar ƙasa yana ƙona saiwa. Ɗanyen kashin dabbobi kuwa kada ya kusanci ƙwallon ko kaɗan.

Idan ka gyara taki abin bai sauya ba, duba rana. Furen yana son awa shida na hasken rana kai tsaye. A inuwa ganye kan yi tsawo ya yi siriri yana neman haske, shi ma kwanciya yake yi. Sai kuma cunkoso: kowane ƙwallo yana haifar 'ya'ya duk shekara, bayan shekara uku ko huɗu wurin ya cika da ƙanana masu gasar abinci, ba wanda ya kai girman yin fure. Maganinsa a tone a rarraba. Dalili na ƙarshe, wanda mutane suka fi yi ba tare da sun sani ba, shi ne yanke ganye da wuri, kuma tambaya ta gaba a kansa take.

Tambaya: Furannin sun gama, ganyen ya fara muni. Zan iya yanke shi? Kuma dole ne in tone ƙwallayen?

Amsa: Hajiya, ki daure ki bar shi, ko da ya ɓata miki tsarin lambu. Ƙwallon da kika dasa ba shi ne zai yi fure baɗi ba. Wancan ya ƙare, ya zuba duk abin da ke cikinsa wajen fitar da ganye da fure. A kansa wani sabo ke ginuwa, kuma yawancin ginin yana faruwa ne a makonni shida ko fiye da ke bin bayan fure, da abincin da ganye ke haɗawa daga hasken rana. Idan kika yanke ganyen yana kore, sabon ƙwallon zai tsaya ƙarami, baɗi ki ga ganye ba fure. Ɗaure ganyen ko kitsa shi don ya yi kyan gani, shi ma yana rage hasken da yake samu.

Abin da za ki yanke shi ne kan karan da furanni suka bushe, idan ba kya son iri, don kada shukar ta ɓata ƙarfi wajen yin 'ya'ya. Ki ci gaba da ban ruwa da ɗan taki. Da kin ga bakin ganye ya fara rawaya, ki tsayar da taki, ki riƙa tsawaita tazarar ban ruwa, bayan mako biyu ki daina gaba ɗaya. Idan ganyen ya zama kamar busasshiyar ciyawa, ya kuma biyo hannunki da ɗan ja kaɗan ba tare da gardama ba, ya gama aikinsa.

Batun tonowa ya danganta da wurinki. Idan lokacin zafi a bushe yake, ƙasa ba ta daskarewa da hunturu, kuma ba kya ba wa wasu shuke-shuke ruwa a wannan wuri, bar su a ƙasa shekara uku ko huɗu. Idan ɗaya daga cikin waɗannan bai cika ba, tone su. Na tukunya ba sai an tone ba, a kwantar da tukunyar a gefenta a wuri mai rufi.

Wajen tonowa ki sa cokalin haƙa nesa kaɗan da gindi, ki ɗago ƙasar gaba ɗaya, ki zuba a rariya mai manyan ido, don 'ya'yan ƙanana ne, wasu ba su fi ƙwayar wake ba, kuma launinsu ya saje da ƙasa. Ki shanya su a inuwa mai iska mako ɗaya zuwa biyu, ban da rana kai tsaye. Bayan sun bushe, ki juya kowanne, za ki ga tsohon ƙwallon a manne a gindinsa, ya motse ya yi baƙi kamar busasshen tabo. Da babban yatsa za ki ture shi ya fita, ya bar wuri mai tsabta. Idan ya ƙi fita, bai gama bushewa ba, ƙara masa kwanaki. Ki ware manya daban, 'ya'ya daban. Manya su ne na fure baɗi, 'ya'yan kuma a dasa su a wani gefe su yi shekara ɗaya ko biyu suna girma.

A ajiye su cikin jakar takarda, ko ragar da iska ke ratsawa, ko kwali da busasshen yashi, a ɗaki marar danshi mai ɗumin digiri 20 zuwa 25. Ban da leda, domin ƙwallon yana numfashi, gumin da zai taru a ciki fumfuna zai kawo. Ɗan barbaɗa garin farar wuta yana taimakawa. Ki riƙa dubawa sau ɗaya a wata, ki cire duk wanda ya yi laushi, ki kuma leƙa ƙarƙashin ɓawo ko akwai farin ƙwaron nan mai kama da ɗigon auduga, wanda ke tsotse ƙwallo a ajiye. Ki rataye su ko ki rufe da ragar ƙarfe, ɓeraye suna son su ƙwarai.

Tambaya: Furannina suna buɗewa da rana, da yamma su rufe, ranar da aka yi hadari ma ba sa buɗewa. Cuta ce?

Amsa: Ba cuta ba ce, ɗana, halinsa ke nan. A dajin da ya fito, wasu ƙananan buzuzu masu gashi da ke yawo a rana mai ɗumi su ne ke ɗaukar masa garin fure daga wannan zuwa wancan, don haka sai lokacin da suke fita yake buɗewa. Ka dai dasa shi inda kake wucewa da rana.

Tambaya: Na ga ganyen wasu yana da zane-zane masu haske, furen ma ya fito a murɗe da dabbare-dabbare. Wasu kuma an cinye tsironsu cikin dare. Me zan fesa?

Amsa: Malam, matsala biyu ko uku ce ka haɗa, kuma ba duka feshi ke magani ba. Cin tsiro cikin dare aikin dodon koɗi ne da 'yan'uwansa marasa ƙoƙo. Da safe za ka ga sawunsu mai sheƙi a ƙasa. Ka fita da fitila bayan duhu ya yi ka tsince su, ko ka kifa ɗan katako mai danshi kusa da shukar, da safe ka ɗaga ka kwashe waɗanda suka ɓuya a ƙarƙashi. Makonni uku na farko su ne masu haɗari, bayan nan ganye ya yi tauri.

Zanen da ke jikin ganye kuwa sai ka duba da kyau. Idan launin azurfa ne da ƙananan baƙaƙen ɗigo, ka buga ganyen a kan farar takarda. In ka ga wasu sirara kamar tsinken zare suna gudu, tirifis ne, masu kankare fatar ganye da ta fure. Idan ganyen ya yi fari-fari kamar an yayyafa masa gari, da siririyar yana a bayansa, jajayen mitsitsin gizo-gizo ne, masu zuwa idan iska ta yi zafi ta bushe. Su da darɓa, wadda ke taruwa a kan karan fure, ana rage su da feshin ruwa mai ƙarfi da safe, ko ruwan sabulu marar turare, ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya, ana maimaitawa bayan kwana biyar zuwa bakwai har sau uku. A yi feshin da sassafe ko da yamma, don sabulu a rana yana ƙona ganye.

Amma idan zanen rawaya ne da kore a cakuɗe cikin naman ganyen, shukar ta tsumbure, furen ya karye launi, kuma ba ka ga ƙwaro ba, to bairos ne, kuma darɓa ce ke yaɗa shi daga shuka zuwa shuka. Wannan ba shi da magani. Yana zama cikin ƙwallo ya bi 'ya'yansa. Tuge shukar da ƙwallonta ka ƙone, kada ka jefa cikin ramin taki, ka wanke wuƙa ko almakashin da ka taɓa ta da shi. Mun san yana da ciwo a tuge furen da ke raye, amma barin ɗaya yana iya cinye gungun duka. Idan kuma ƙuraje ne ruwan tsatsa da ke barin gari a yatsa, cire ganyen da ya kamu, ka rage cunkoso, ka riƙa zuba ruwa a gindi ban da kan ganye.

Tambaya: Ana iya yanko shi a sa a kwalba cikin ɗaki?

Amsa: Ana yi, kuma yana kai kusan mako guda. A yanka da safe lokacin da furen ƙasa ya nuna launi bai gama buɗewa ba, sauran za su biyo baya ɗaya bayan ɗaya zuwa sama. A ɗauki kara kawai a bar ganye a jikin shuka, a riƙa sauya ruwa duk bayan kwana biyu, a ajiye kusa da taga, don a lungu mai duhu rufewa zai yi.

Tambaya: Na bar wasu sun yi 'ya'ya. Zan iya shuka ƙwayar irin, kuma za su fito da launin uwar?

Amsa: Za ka iya, Malam, kuma sifaraksis yana cikin masu sauƙin fitowa daga iri. Ka jira kwanson ya yi ruwan ƙasa ya fara tsagewa, ka yanko karan ka zura shi cikin jakar takarda, don idan ka yi jinkiri ƙwayoyin za su zube. Ƙanana ne, kewayayyu, masu sheƙi. Ka adana su a bushe har lokacin da ake dasa ƙwallaye, domin su ma sanyin dare ke tashinsu. A shuka cikin kasko mai zurfin santimita 12 ko fiye, da haɗin ƙasar da muka faɗa, a rufe da yashi kaurin milimita 3 zuwa 5. A nan ƙa'idar ruwa ta bambanta da ta ƙwallo: kada a bari saman ya bushe, a riƙa yayyafi da buta mai ƙananan huji. Suna tsirowa cikin mako uku zuwa shida, kamar siraran ciyawa, don haka a kula kada a cire su da sunan shema. A shuka su da tazara tun farko, saboda ba a taɓa su a shekarar farko. Su yi barcinsu na fari a cikin kaskon, a bushe. Wasu za su yi fure a shekara ta biyu, yawanci a ta uku.

Launi kuwa ba a ba da tabbaci. Yawancin waɗanda ake sayarwa haɗe-haɗen nau'o'i ne da aka yi ta aurarwa, don haka jan fure yana iya haifar fari, ko ruwan hoda, ko shunayya. Mai son launin uwar sak, sai ya bi ta 'ya'yan ƙwallo.

Wannan sauƙin yaɗuwa yana da nasa haɗari. Nau'in da ake kira Sparaxis bulbifera, mai fure fari ko ruwan madara, yana haifar ƙananan ƙwallaye har a jikin karansa, a hammatar ganye, su zube ƙasa idan ya bushe. A kudancin Ostareliya ya tsere daga lambuna ya mamaye gefen hanyoyi da wurare masu dausayi, yana danne tsirran ƙasar, har an sa shi cikin ciyayi masu ɓarna. Duk wanda yanayin wurinsa ya yi kama da na Cape, wato ruwa da sanyi, rani a bushe, kada ya zubar da ƙasar tukunya ko rarar ƙwallaye a bayan shinge ko bakin rafi. Ya tankaɗe ƙasar, abin da ba ya so ya ƙone shi ko ya ɗaure cikin jaka ya sa a shara.